Na Je Damagaram Ganin Saniyar Auta

Tun da na dawo daga Damagaram ƙofar gidana ba ta huta ba. Wannan ta shigo aron rariya, waccan ta ce barka da sauka ta zo yi, alhali ta yi barkar jiya, ta yi shekaranjiya. Tambaya ɗaya ce a bakin kowa: "Iya Gana, da gaske ne Auta ya taɓu?" Na gaji da maimaitawa. Ni ban taɓa zaman makaranta ba, don haka na zaunar da Maryama, matar ɗana na tsakiya, ina faɗa tana rubutawa. In ta gyara min magana zan gane, don sai an karanta min. Wadda ta sake zuwa aron rariya a miƙa mata takarda.

Ga waɗanda ba su sani ba, Auta shi ne Dauda, na ƙarshe a 'ya'yana. Ubansu dillali ne a kasuwar shanu har Allah ya karɓi abinsa, kuma yayyensa duk can suke. Shi kaɗai ya ɗauki kwamfuta ya ƙetare iyaka. Yana son Hajara, malamar firamare a Gadaka, ita ma tana son sa, har an kai goro. Sai Sale direba, mai ɗauko shanu daga Nijar, ya dawo da labari. Wai ya leƙa wurin Auta, ya same shi a ɗakin da aka manne bangonsa da soso, ya toshe kunnuwa, yana murmushi shi kaɗai, kuma saniya tana kuka a ɗakin alhali babu saniya. Kafin labarin ya iso gidana ya riga ya kwana a Gadaka. Baffan yarinyar, Alhaji Buba, ya aiko: a faɗa musu sana'ar yaron nan. In babu, ko in aljanu ne, goronmu yana nan ba a kwance ba.

Na kira Auta a waya, ya jero min Turanci. Na kashe. Ni ba na shaidar abin da idona bai gani ba, ko a kan ɗan da na haifa. Na sa aka yi min rubutu cikin gora, na ɗaure kuka da daddawa da man shanu, na nufi tasha.

Ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya mota ta tashi. Mutum ɗayan nan har rana ta ɗaga muna jiran sa, kuma da ya zo ashe su huɗu ne da akuya. Kuskuren da na yi shi ne wani mai jar hula da ke gefena ya tambaye ni inda za ni, na gaya masa. Ba mu kai Azare ba motar ta zama asibiti. Wata ta ce hayaƙin habbatussauda. Mai akuya ya ce a yanka baƙin zakara. Mai jar hula ya ce shi ya san irin aljanun, Fulani ne, shanunsu suke kiwo a jikin mutum, kuma yana da ɗan wa mai cire su a farashi mai sauƙi. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganin Auta. Bayan Haɗeja taya ta fashe, muka zauna ƙarƙashin wata tsamiya, sai na ji wata da ta hau a hanya tana ba ƙawarta labari a waya: "Wallahi ga uwarsa nan, ɗan nata ya rikiɗe ya zama saniya."

Na ce, "Yarinya, sa ne. Namiji na haifa."

Ta kashe wayar.

A Maigatari na kwana gidan Hajiya Furera, matar mai masaukin marigayi mijina tun yana kai shanu can. Ta karɓe ni hannu biyu, ta yi min tuwon gero da miyar yakuwa. Kanwa ta yi yawa. Na gaya mata, don mun wuce shekarun da za mu riƙa yi wa juna ƙarya a kan miya.

Da safe muka kai iyaka. Wani jandarma, wato ɗan sandansu, dogo, baƙi, ya karɓi katin shaidata ya duba, sannan ya ce ina katin allura. Na ce wane katin allura? Ya ce na rigakafi. Na naɗe hannun riga na nuna masa tabon lamba da aka yi min tun ina goye, na ce, "Ga shi nan, ɗana. Wannan ba ya jiƙewa, ba ya ɓata." Ya kira abokin aikinsa suka duba tare kamar an kawo musu sabon abu, suna ta Faransanci. Sannan ya nuna gorar ya ce mene ne. Na ce rubutu ne. Ya ce na me? Na ce na mai ciwon kai. Ya cire hula ya shafa kansa, ya ce shi ma tun da aka kawo shi wurin nan kansa bai daina ciwo ba. Na zuba masa a murfi ya sha, muka rabu da addu'a.

Mutanen can ba su da laifi, sai dai abu biyu. Na ɗaya, mazansu da yawa suna naɗe fuska da rawani har sai ido kawai ya rage, ni kuma a bakin mutum nake gane maƙaryaci, don haka duk tsawon hanya a takure nake. Na biyu burodinsu. Dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma taurinsa ɗaya da ita. Ba sa sa shi a leda, a hammata ake saƙale shi, mutum ya gama zufarsa ya kai wa iyalinsa. Shayi kuwa sai an yi zagaye uku a ɗan kofin da bai kai murfin gorata ba, kuma in ka tashi a na biyu ka yi rashin ladabi. Wutar lantarki kuran suke ce mata. Sunan kawai aka canza, halin ɗaukewa irin namu ne.

Auta ya tarye ni a tasha, ya durƙusa har ƙasa. Na tsaya ina ƙare masa kallo. Idonsa fari, farcensa a yanke, ya rame kaɗan. A unguwa na lura da yadda ake gaishe shi, ba a janye yara in ya wuce. Da ya tafi masallaci na leƙa ƙarƙashin gado, na shinshina kofuna, na zazzage aljihun rigunansa. Babu kwalba, babu ƙulli, babu laya. Sai safa marasa wanki.

Ɗakin kuwa Sale bai yi ƙarya ba. Soso ne baƙi mai tudu da kwari a bango ko'ina, kamar kiret ɗin ƙwai. Ga kwamfuta, ga sifika biyu, ga wani allo mai farare da baƙaƙen haƙora, a samansa kuma jerin 'yan kunnuwa na murɗawa irin na rediyon da, kowanne da ɗan farin zane. Wannan ya kalli gabas, wancan yamma, wani ya sunkuya. Tun shigowata suka tsaya min a rai.

Na ce, "Ina saniyar?"

Ya danna haƙori ɗaya. Jama'a, saniya ta yi kuka. Na waiga bayana. Ya danna wasu a jere, sai ta kama waƙa, tana hawa tana sauka.

Ya ce, "Iya, talla ce ta gidan rediyo. Wani Alhaji mai sayar da maganin dabbobi ke son saniya ta rera masa waƙar maganinsa. Gobe bayan la'asar zai zo karɓa."

"A garinmu shanu sun fi mutane yawa. Ka ƙetare iyaka don ka yi ta roba?"

"Ta gaske ba ta bin kiɗa, Iya. Sai lokacin da ta ga dama take kuka."

Ya shiga yi min bayani, wai a cikin kwamfutar akwai wani abu osileta, shi ne tushen kowane sauti. Na bar shi ya gama. Abin da na gani da idona shi ne mutum ya danna, inji ya yi kuka. Ko jikata mai rarrafe za ta iya dannawa. Na kwanta da nauyi a zuciya, don na gane ba mahaukaci ba ne, amma abin da zan kai Gadaka ya fi hauka muni. Mahaukaci ana tausaya masa. Me za a ce da ƙato mai gemu da sana'arsa danna abu da yatsa? Kuma na riga na yanke, abin da na gani zan faɗa, ko da goron zai dawo.

Washegari ya fita neman sandar burodin nan. Ni kuwa ba na zama a ɗaki mai datti. Na share, na kaɗe soson, na naɗe wayoyin da ke kwance kamar hanjin rago. Na zo kan kunnuwan. Duk macen da ta taɓa jeren kwano ta san ba a barin abu haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na daidaita kowanne farin zanensa ya kalli sama. Na ja baya na duba. Sai a lokacin ɗakin ya yi kama da na ɗan mutunci.

Ya dawo, ya ajiye burodi, ya danna haƙori. Wani siririn tsiii ya fito, kamar sauro ya shiga kunne. Ya sake dannawa. Ya kalli kunnuwan. Ya daɗe yana kallon su.

"Iya."

"Na'am."

"Kin taɓa nan?"

"Na gyara."

Ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Wai injin ba ya riƙe abin da aka murɗa sai an ce masa ya adana, shi kuma murnar zuwana ta sa bai adana ba. Saniyar da ya daɗe yana kiwo ta tafi. Na ce wanda ya bar garke a buɗe shi ya san da wa zai yi faɗa. Ya ƙara sunkuyar da kai. Tarbiyya dai na ba shi.

Ya tashi ya yi alwala, ya ja kujera. Ni ma na ja tabarma na zauna inda nake ganin fuskar kwamfutar da hannunsa, don ina son in ga yadda ƙarya take ƙarewa.

Ya share komai, ya bar abu ɗaya. A fuskar kwamfutar wani zane ya fito mai hawa da sauka a hankali, kamar kunyoyin gona. Sautinsa fito ne, sumul, babu ƙashi babu tsoka.

Ya ce, "Wannan shi ne osileta, Iya. Abu ne mai rawa, gaba da baya, gaba da baya, kamar tsirkiya in an ja an saki. In yana rawa da sauri muryar ta yi siriri. In na rage masa sauri ta yi kauri."

Na ce, "Maƙogwaro ke nan. Ka ce maƙogwaro mana."

Ya murɗa, zanen ya koma haƙoran zarto. Sautin ya zama na zuma da aka rufe a gwangwani, har haƙorina ya amsa. Ya ce irin wannan ake so, don komai yana cikinsa, daga shi ake sassaƙa. Ya rage masa sauri har ya sauko ƙasa, ya zama gurnanin tirela a hawan tudu. Ya kunna maƙogwaro na biyu, zanensa kamar an jera bulo an tsallake ɗaya, muryarsa mai rami, irin in ka hura iska a bakin tulu. Ya ce wannan shi ne ƙirji. Ya gwama su, ya ƙara wannan, ya rage wancan, ya rufe ido, ya girgiza kai, ya koma baya.

Sannan ya ce, "Iya, ga abin da kika gyara." Ya ɗauko maƙogwaro biyu iri ɗaya, ya sa su daidai wa daida. Murya ɗaya ta fito, a tsaye, busasshiya. Ya taɓa kunne ɗaya, ɗan taɓin da ko gashin gira bai kai ba. Sai muryar ta kumbura ta fara numfashi, wau, wau, wau, kamar mata biyu suna guɗa tare, kowacce da nata maƙoshin. Ya ƙara murɗawa, suka kaure da faɗa har na toshe kunne. Ya dawo da shi a hankali, yana nema, yana wucewa, yana dawowa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Akwai wani kunne da ya kira rariya, yana tace kaushin zarton. In ya matse shi saniya ta rufe baki, mmm, in ya sassauta ta buɗe, uuu. Ya koya wa injin ya riƙa buɗewa da rufewa da kansa. Ya zuba ɗan shuuu irin na sheƙar gero, ya ce numfashin hanci ne. Akwai kuma wani maƙogwaro da ke rawa a hankali ƙwarai har kunne ba ya jin sa sam.

Na ce, "To amfaninsa me?"

"Shi ba ya magana, Iya. Sauran yake girgizawa."

Na ce irinsa sun cika unguwarmu. Suna jin wannan karatun sun san kansu.

Kuran ya ɗauke, muka yi azahar, muka ci zogale da ƙuli. Bai ci na kirki ba. Kuran ya dawo, ya koma.

Kunnen ƙarshe shi ya fi ba ni haushi. Ya ce a da injinan nan na ƙarfe ne da waya, in sun ɗauki zafi muryarsu ta riƙa kaucewa kaɗan kaɗan, yau daban gobe daban. Turawa suka yi ta kuka da haka, suka ƙera na cikin kwamfuta wanda ba ya kuskure ko kaɗan. Da suka samu, sai suka ce ba daɗi, ba rai. Suka zauna suka ƙera kunne na musamman wanda aikinsa kawai ya mayar da kuskuren, kuma mai shi ya fi tsada.

Na ce, "Tsaya. Sun yi wahala sun cire, sun sake wahala sun mayar, kai kuma ka saya?"

"Haka ne, Iya."

"Allah ya shirye ku gaba ɗaya."

Amma da ya rufe shi ya danna sau uku, kukan iri ɗaya ne sak, hon ɗin mota. Da ya ɗan buɗe, kowane kuka ya bambanta da ɗan'uwansa. Na rufe ido. Sai ga ni a bakin turke da hantsi, marigayi yana kwance igiya. Na buɗe idon da sauri, don ba wannan ya kawo ni ba.

Bayan la'asar Alhajin ya iso, fuska a naɗe, ya zauna ya saurara. Ya ce, "Madalla. Amma saniyar nan lafiyarta lau tun farko. Wa zai sayi magani? Ina son ta fara da ciwo, in an ambaci sunan maganina ta warke."

Na ce a raina yau za a yi ta. Auta bai ko ɗaga kai ba. Ya buɗe kunnen kuskuren nan sosai, ya raba maƙogwaron biyu kaɗan, ya matse rariya. Saniya ta fito tana rawar murya kamar ta sha ruwan kududdufi. Da aka zo sunan magani ya mayar da su, ta daka wani kuka mai ƙarfi har soson bango ya motsa. Alhaji ya yi dariya har rawaninsa ya zame, na samu na ga bakinsa. Ba maƙaryaci ba ne sosai.

Rubutun dai na sa Auta ya shanye, don ba a mayar da rubutu gida. Ya sa min saniyar a wayata, ya nuna min inda zan danna. Hanyar dawowa babu abin faɗa, sai dai jandarman nan ya ce kansa ya yi sauƙi.

Gadaka na je da ƙanin marigayi, don maganar aure ta maza ce, amma shaidar tawa ce. Aka shimfiɗa min tabarma a tsakar gida. Ga ƙunshin goronmu an ajiye a gefen Alhaji Buba inda zan gan shi, ga kuma wani jan bajimi da yake kiwatawa ɗaure a turke.

Ya ce, "Iya Gana, kin je kin gani. Mahaukaci ne?"

"A'a."

"Maroƙi ne?"

"Ban ji ya wasa kowa ba. Shi ake zuwa nema har ɗaki."

"To mece ce sana'arsa?"

Na ce, "Alhaji, sunanta Turanci ne, ban riƙe ba. Amma ga abin da na gani. Na rusa masa aikinsa da hannuna da safe, ban bar komai ba. Kafin la'asar ya sake gina shi daga tushe, ina zaune ina kallo, babu wanda ya taimake shi. Mai tukwane in ka fasa mata tukunya ta sake wata, shi ya sa ake ce mata mai tukwane. Wanda ya tsinta ko ya sata ba ya iya sakewa. Ɗana yana ƙera murya."

"Murya." Ya juya kalmar a baki kamar goron da ya fara ruɓa. "Mu dai makiyaya ne, Iya. Shanu nawa gare shi?"

"Ɗaya."

"Tana ina?"

Na kwance bakin zane, na ciro waya, na danna inda aka nuna min. Saniya ta fara da ciwonta, mazan suka fara murmushi. Da ta warke ta daka kukan nan, sai jan bajimin ya bar dusa, ya ɗaga kai, ya miƙe kunnuwa, ya ja igiya har turke ya yi ƙara, ya amsa mata da wata muryar da ta tashi kajin gidan gaba ɗaya. Daga cikin ɗaki na ji wata ta fashe da dariya an toshe mata baki. Na san Hajara ce.

Alhaji Buba ya kalli bajiminsa, ya kalli wayar. Ya ce, "Sake dannawa." Na sake. Bajimi ya sake amsawa.

Ya ce, "To. Ni ana iya ruɗa ta, wannan ba a taɓa ba shi cin hanci ba." Ya tura ƙunshin goron bayansa, ya ce a kira mata su kwance a raba.

Ni ban yi dariya ba, ba wurin dariya na je ba. Da zan fito Hajara ta rako ni zaure, ta durƙusa. Na ce mata in an kai ta ta wanke masa safa, ta share ɗakin nan kullum, ta kaɗe soson. Kunnuwan kuwa a karkace suke, har gobe ina nan a kan bakana, a karkace suke. Amma kada ta taɓa.